Tasirin Ƙarfin Motsa Jiki da Hutu a Kan Sinadaran Matsi Cikin Jini

1.0 Gabatarwa

Tun a 1936 Hans Selye, wani masanin ilmin jiki a Kanada, ya nuna cewa jiki kan mayar da martani iri ɗaya ga duk abin da ya matsa masa, rauni ne ko sanyi ko aiki mai tsanani. Motsa jiki na daga cikin irin wannan matsi. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ƙarfin motsa jiki da hutun da ke biye da shi ke sarrafa yawan sinadaran matsi cikin jini.

2.0 Sinadaran Matsi

A bisa kowace ƙoda akwai wani ɗan ƙullutu mai zuba sinadarai cikin jini. Biyu daga cikinsu su ne adirenalin da kotisol. Adirenalin kan fito nan take, ya ƙara bugun zuciya, ya sa hanta ta saki sukari. Shi kuwa kotisol sai ƙwaƙwalwa ta aika da saƙo ta cikin jini kafin ya fito, saboda haka yakan makara. Aikinsa shi ne tanadar wa jiki makamashi daga kitse da furotin. Ko ba a motsa jiki ba, yawansa kan hau da sassafe, ya yi ƙasa da tsakar dare.

3.0 Ƙarfin Motsa Jiki

Masana na auna ƙarfin motsa jiki da iyakar iskar oksijin da jikin mutum ke iya amfani da ita. A 2008 wasu manazarta a Jami'ar North Carolina ta Amurka sun gwada maza 12, inda kowannensu ya motsa jiki na minti 30 a matakai uku. A matakin kashi 40 cikin ɗari na wannan iyaka, kotisol bai yi wani tashin a-zo-a-gani ba. A matakin kashi 60 ya ƙaru da kimanin kashi 40 cikin ɗari, a matakin kashi 80 kuwa ƙarin ya haura kashi 80. Ke nan akwai mizanin da sai an ƙetare shi kotisol ke tashi sosai. Tafiyar ƙasa a natse ba ta kai wannan mizani ba, amma gudu mai tsanani ya wuce shi.

4.0 Matsayin Hutu

Da zarar an tsaya, adirenalin kan ragu cikin 'yan mintoci, amma kotisol kan ɗauki sa'o'i kafin ya koma yadda yake. Haka nan, mai ɗaga nauyi da ke hutun minti 1 tsakanin zango da zango yakan tara kotisol fiye da mai hutun minti 3. Idan ɗan wasa ya shafe makonni yana horo mai tsanani ba tare da isasshen hutu da barci ba, tsarin kan rikice: kuzarinsa ya ragu, barci ya gagara, ya riƙa kamuwa da mura a kai a kai.

5.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa tashin waɗannan sinadarai lokacin motsa jiki abu ne da jiki ke bukata. Illa na aukuwa ne idan aka sake matsa wa jiki kafin su sauka. Don haka wajibi ne masu horar da 'yan wasa da malaman motsa jiki a makarantu su tsara ranakun hutu kamar yadda suke tsara ranakun horo.