Idan Zomo Ya Ƙi Cin Abinci

A gidaje da dama a Minna, tun daga Bosso har Chanchaga, ana kiwon zomaye a bayan ɗaki. Sai dai idan zomo ya ƙi abinci, masu kiwon kan ce gobe zai ware. Wannan kuskure ne babba. Hanjin zomo, kamar na cincila, wata 'yar dabba mai laushin gashi daga duwatsun Andis na Kudancin Amurka, ba ya son hutu. In ya yi awa 12 bai ci ba, hanjin kan tsaya, iska ta cika ciki, ga shi kuma ba ya iya amai.

A fara duba kashinsa. In ya ƙanƙance ko ya ɗauke, akwai matsala. Sai haƙora, domin ba sa daina tsiro, kuma rashin ciyawa da harawa kan sa su soki harshe. Lokacin zafin Maris da Afrilu a mai da shi inuwa, a ɗura masa ruwa kaɗan-kaɗan da sirinji marar allura. Amma in cikin ya kumbura ya yi tauri, kada a ɗura komai, a kai shi wurin likitan dabbobi a ranar.

Kafson amoksilin na mutane kuwa, wanda wasu kan fasa su ba shi, yana iya kashe shi.