Talabijin mai dikoda a ciki ko dikoda daban: Abin da ya kamata mai saye a Daura ya sani

Duk wanda ya shiga shagon kayan lantarki a Daura da niyyar sayen talabijin, ko don kayan ɗakin amarya, ko don gidan kallon ƙwallo, zai tarar da zaɓi biyu a gabansa. Akwai talabijin da aka haɗa masa na'urar kama tashoshi a cikinsa, wanda wayar dish ko ta eriya kawai za a soka masa. Akwai kuma wanda sai an saya masa dikoda daban. Bambancin farashinsu ba lallai ne ya yi yawa ba, amma abin da zai biyo baya bayan shekara biyu ko uku yana iya zama babba.

Darasi daga duniyar kwamfuta

Masu amfani da kwamfuta ne suka fara fuskantar wannan zaɓi. A shekarar 1996 kamfanin ATI na ƙasar Kanada ya fito da wani kati mai suna All-in-Wonder, wanda ya haɗa ayyuka biyu: sarrafa hoton da ke fitowa a fuskar kwamfuta, da kuma kama tashoshin talabijin. A ɗaya ɓangaren kuma, kamfanoni irin su Hauppauge na Amurka suna sayar da katin kama tasha shi kaɗai, wanda ake sakawa a gefen kowane irin katin hoto.

Katin da ya haɗa komai ya samu karɓuwa saboda gurbi ɗaya yake cinyewa a cikin kwamfuta, kuma manhajarsa guda ce. Sai dai sassansa biyu ba sa tsufa tare. Sashen hoto yakan zama tsohon yayi cikin 'yan shekaru, alhali sashen kama tasha yana nan da ƙarfinsa. Wanda ya so sabon katin hoto dole ya rabu da duka biyun. Daga baya lamarin ya juya: da Amurka ta rufe manyan tashoshinta na tsohon tsari a watan Yunin 2009, sassan kama tasha na tsofaffin katunan ne suka zama marasa amfani. Kamfanin AMD ya sayi ATI a 2006, kuma bayan wani samfuri da ya fito a 2008 ba a sake jin ɗuriyar wannan kati ba.

Inda Najeriya ta tsaya

Irin sauyin da ya kashe waɗancan katuna shi ne Najeriya take ciki. Yarjejeniyar da aka cimma a Geneva a 2006 ta sanya ranar 17 ga Yuni, 2015 a matsayin wa'adin komawa tsarin watsa shirye-shirye na dijital. Najeriya ba ta cika wannan wa'adi ba. A zamanin gwamnatin Muhammadu Buhari, ɗan asalin Daura, aka ƙaddamar da shirin a Jos cikin Afrilun 2016, sai Abuja a Disambar wannan shekara, Kaduna a ƙarshen 2017, sannan Kano a Nuwambar 2021. Hukumar NBC mai kula da kafafen watsa labarai ce ke jagorantar shirin, da akwatin da ake kira FreeTV.

Hanyoyi biyu ne tasha ke bi ta iso gida, kuma kowace da na'urar da ke kama ta. Tsarin DVB-T2, wanda Najeriya ta zaɓa, yana zuwa ne daga dogon ƙarfen watsa shiri da ke ƙasa, ana kama shi da eriya. Tsarin DVB-S2 kuwa daga tauraron ɗan'adam yake saukowa, ana kama shi da dish. Na farko yana raunana gwargwadon nisan gida da ƙarfen, na biyu kuma bai damu da nisa ba. Wannan yana da muhimmanci a masarautar da ta haɗa ƙananan hukumomin Daura, Baure, Mai'adua, Sandamu da Zango, inda garuruwa da dama ke bakin iyakar Nijar, nesa da manyan birane. Talabijin da aka rubuta wa T2 kaɗai ba zai kama dish ba, komai tsadarsa.

Amfanin na haɗe

Talabijin mai na'ura a ciki yana da sauƙin sha'ani. Rimot ɗaya ne, soket ɗaya, babu tarin wayoyi. Ga dattijo ko gidan da yara ke yawan taɓa kaya, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Yana kuma rage shan wuta. Dikoda ba ta cin wuta sosai, amma ga gidan da ya dogara da ƙaramin sola da batir ɗaya a lokacin da wutar KEDCO ta ɗauke, kowane ɗan ragi yana ƙara tsawon lokacin kallo. Wanda bukatarsa ta tsaya ga tashoshin kyauta, irin su Arewa24 da ta fara aiki a 2014 da tashoshin wa'azi da na labarai, zai iya wadatuwa da shi.

Inda gizo ke saƙar

Matsala ta farko ita ce tashoshin kuɗi. Kamfanonin DStv, GOtv da StarTimes suna kulle shirye-shiryensu, kuma dikodar kamfanin ce ke buɗe su bayan an biya kuɗin wata. Na'urar da ke cikin talabijin na gama-gari ba za ta buɗe su ba. Saboda haka mai gidan kallo da ke son nuna gasar Firimiyar Ingila zai sayi dikoda ko da talabijin ɗinsa yana da tasa a ciki, ya zama ya biya kuɗin abu ɗaya sau biyu.

Ta biyu ita ce sauyin fasaha. Tashoshi sun tashi daga tsarin matse hoto na MPEG-2 zuwa MPEG-4, wasu kuma suna komawa HEVC. Idan tasha ta koma tsarin da na'ura ba ta sani ba, sai a ji murya babu hoto, ko tashar ta ɓace gaba ɗaya. Mai dikoda daban zai sauya ƙaramin akwati ne kawai. Mai na haɗe kuwa, ko dai ya haƙura da tashar, ko ya koma ga dikodar da ya guje wa tun farko.

Ta uku ita ce lalacewa. Na'urar kama tasha ce ke tura wuta mai ƙarfin bolt 13 ko 18 ta cikin waya zuwa kan dish. Idan ruwan damina ya shiga wayar, ko tsawa ta faɗi kusa, ta wannan hanya ɓarnar ke shigowa. Idan dikoda ce ta ƙone, talabijin yakan tsira. Idan kuwa na'urar tana jikin babban allon talabijin, gyaran na iya kai ga sauya allon dungurungum, kuma samun irinsa kan sa mai gyara ya aika Kano.

Hattara da na hannu

Araha ba ta ado. Talabijin na hannu da ya fito daga Amurka yana ɗauke da tsarin ATSC, wanda ba ya aiki da eriya a Najeriya. Tsofaffin da suka fito daga Ingila kuma da yawansu DVB-T ne na farko, ba za su kama T2 ba. Haka nan ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura wanda ke son kallon talabijin a kwamfutarsa, ya fi masa ya nemi ƙaramar na'urar da ake sokawa a ramin USB mai rubutun DVB-T2, ya kuma tabbatar tana da manhajarta, domin Microsoft ya cire manhajar kallon talabijin ta Media Center tun fitowar Windows 10 a 2015.

Kafin a biya kuɗi

Tambayoyi huɗu ne za su raba gardama. Waɗanne tashoshi ake son kallo, na kyauta ko na kuɗi? Da me maƙwabta ke kama tasha a unguwar, eriya ko dish? Me aka rubuta a bayan talabijin ɗin, T2, S2 ko duka biyun? Ramukan HDMI nawa yake da su?

Tambaya ta ƙarshe ita ce mafi nauyi. Talabijin mai kyakkyawar fuska da ramin HDMI biyu ko uku zai karɓi kowace dikoda da za ta fito nan gaba. Ga gidan kallo, makaranta ko otal, inda tsayawar kallo ke nufin asarar kuɗi, dikoda daban ta fi aminci. Ga ƙaramin gida mai sola da tashoshin kyauta, na haɗe ya isa, muddin an cire wayar dish da ta wuta duk lokacin da hadari ya taso.