Takardun ƙungiya: yadda ake kwashe su daga tsohuwar kwamfuta zuwa sabuwa

Yau bankunan cimaka da ƙungiyoyin manoma da dama suna ajiye lissafinsu cikin kwamfuta. Sunan kowane mutum, tiya nawa ya ranta, nawa ya biya, duka suna ciki. In lissafin nan ya ɓace, rigima ce a gari.

Ina takardun suke kwance? A cikin wani ɗan akwatin ƙarfe da ake kira diski. Shi ne rumbun kwamfuta. Kamfanin IBM na Amurka ya fara yin irinsa a 1956. Cikinsa akwai faifai mai juyawa sau 5.400 ko 7.200 a minti guda. Zafin bazara yana gajiyar da shi, haka yankewar wuta farat ɗaya, balle faɗuwa ƙasa. In ya fara ƙara ƙas-ƙas, ya kusa mutuwa. Ranar nan ba ranar jira ba ce.

Wasu kuma dole ta sa su sauya kwamfuta, tun da Microsoft ya daina kula da Windows 10 a watan Oktoba na 2025.

In tsohuwar tana kamawa, aikin bai da wuya. Magatakarda ya soka mata kile USB ko diski na waje, ya kwafi takardun, ya kai wa sabuwar. A kula: kwafi ake yi, ba yankewa ba. Mai kwafi ya bar asalin a wurinsa. Mai yankewa kuwa, in wuta ta ɗauke a tsakiyar aiki, yana iya rikicewa, bai san abin da ya ƙaura ba da abin da ya saura.

In ba ta kamawa, kada a yanke ƙauna. Sau da yawa diskin lafiyarsa lau. Mai gyara zai cire shi, ya haɗa shi da sabuwar da waya ta USB. Amma manhajojin aiki ba su bin wannan hanya, sai an sake saka su.

Bayan kaka, manomi yana ƙidaya dammansa kafin ya rufe rumbu. Nan ma a ƙidaya takardun, can da nan, a buɗe wasu a gaban shugaba da ma'aji. A bar kwafi guda a wani gida dabam.

Kada a yi hanzarin saida tsohon diski. Takardar da aka share ba ta tafi ba, gwani yana iya maido ta, ya karanta bashin kowa. Mai gyara ya goge shi sarai, ko a fasa faifan da guduma.