Kayan sawa na masu tahiya arewa da bisashe

Da damana ta kama, gero ya tsiro, makiyaya sai su bar ƙasar noma su yi arewa. Wata doka ta 1961 ce ta ja iyakar gonaki, ta bar abin da ke arewa da ita don kiwo. Daga wajen Tawa, Dakwaro da Tanut shanu da raƙuma da tumaki suna hawa. Wasu gidaje suna kaiwa har Ingal, yamma da Agadas, inda ƙasa da ruwa ke da gishiri. Can ake babban taro cikin watan Satumba. Ba a komowa kudu sai an ƙare girbi, an kwashe dammuna. Wata huɗu ke nan ko biyar ana kwana a hili.

Matsalar ita ce, ana ɗaure kaya cikin watan Yuli, lokacin da ake gumi. Mai gumi ba ya tuna bargo. Amma tahiyar nan tana ratsa ruwan sama, ta ratsa zahin kaka, ta ƙare cikin ɗari. A Agadas zahin rana yakan wuce awo 40 cikin Mayu, amma cikin Janairu da dare yakan sauka kusa da 12. Tun Nuwamba iskar hunturu take soma busawa. Babban mutum yana iya daurewa, ya matsa kusa da wuta. Jinjiri da ɗan yaye ba su iyawa. Mura ta sauka ƙirji, numfashi ya yi sauri, ga likita da nisa. Saboda haka kayan yara su ne na farko cikin jaka: riga mai kabri, hula mai ruhe kunne, da majayi biyu ko uku, don in ɗaya ya jiƙe a sake wani. Kayan sanyi na gwanjo sun hi arha kahin ɗari ya shigo. Wanda ya saya a kasuwar garinsu tun da damana ya huta da ciniki a dawa.

A nan akwai abin lura. Yadin leda da ake kira nailan yana da sauƙin kuɗi, yana bushewa da wuri, shi ya sa mutane ke son shi. Amma in tartsatsi ya faɗa masa, narkewa yake, ya manne da fata. A mashekari kuwa kullum yara suna bakin wuta. Ga yaro, auduga ta hi.

Ga namiji mai bin dabbobi, riga biyu da wando biyu sun isa, ɗaya a jiki ɗaya a jaka. Riga mai dogon hannu, wando mai kai ga idon sawu. Ba don ado ba: sauro yana yawa bakin tabkuna, kuma da ciyawa ta nuna ƙarangiya sai ta cika daji. Rawani yana aiki uku, ya tare rana, ya tare ƙura, da dare ya ruhe kunne. Malfa tana bisa. Kakanni suna saƙa kabido da kaba don ruwan sama. Yanzu leda ta maye wurinsa, amma leda tana tara gumi, a tuɓe ta da zaran ruwa ya ɗauke.

Takalmi ba abin rowa ba ne. Ƙaya guda a tahin ƙafa, in ta rurrube, tana zaunar da makiyayi kwanaki, garke ya rasa mai bi. A zaɓi mai ƙasa mai kabri, na fata ko na taya, a riƙe basilla da zare don gyara. Da sahe a kakkaɓe shi, a kakkaɓe bargo, kahin a taɓa. Kunama tana son wurin da ya kwana da ɗumi.

Kayan ado su ma suna da wurinsu. Ba wanda zai shiga taron Ingal da tsumma. Turkuɗi mai walƙiya da Buzaye ke naɗawa daga Kura ta ƙasar Kano ake rina shi, kuma yana da tsada. Ruwa kaɗan ya ɓata shi. A naɗe shi dabam cikin wani zane, a sa cikin leda, a ɗaure baki.

Sai ɗaurin kaya. Abin da ba a bukata sai ɗari, kamar kayan sanyi da bargo na biyu, shi ke shiga ƙasan jaka. Abin da ake bukata kowane dare, sange da tabarma da bargo ɗaya, shi ke bisa, inda hannu zai kai ko cikin duhu. Sange mai magani ba a shanya shi cikin rana, sai a inuwa. Tufa mai danshi ba ta shiga jaka, don kwana biyu sai ta yi hunhuna ta lalata sauran. In za a tashi ba ta bushe ba, a rataya ta bisa kayan jaki, ta bushe kan hanya. Kuma a daidaita nauyi hagu da dama. Mangala mai rinjaye tana cin bayan jaki, jaki mai miki kuwa ba ya ɗaukar kaya, sai matar gida ta aza bisa kai.