Ƙura Da Hayaƙi A Lokacin Hunturu

Sa'ad da aka aike ni gwajin koyarwa a Gashuwa cikin watan Janairu, na iske kusan rabin ajina suna tari, idanunsu jajur. Na ɗauka murar sanyi ce, sai wani malamin asibiti ya ce mini in dubi abin da yaran su ke shaƙa tukuna.

Hazon nan da ke rufe Nguru da Gashuwa daga Nuwamba zuwa Maris ƙura ce zalla. Yawancinta iskar gabas ke kwaso ta daga Bodele a ƙasar Cadi, watau busasshen gindin wani tsohon tafki. Gashin hanci da majina su kan tare manyan ƙwayoyinta, amma ƙananan su wuce har cikin huhu. Bushewar iska da ƙura kuma su kan ƙuje fatar maƙogwaro, ƙwayar sanƙarau ta sami hanyar shiga jini. Annobar 1996 ta kashe mutum fiye da 11,000 a Nijeriya, da rani kuwa ta taso.

Amma ni a ganina hayaƙi ya fi hazo ɓarna, domin shi a cikin ɗaki mu ke ajiye shi. In sanyi ya tsananta, sai a toshe taga da tsumma, a hura icce ko gawayi, a kwana da shi. Uwa tana tuwo, jariri na goye, hancinsa dab da murhu. Masu bandar kifi a Nguru su wuni cikinsa. Ƙarshensa ciwon huhu ga yara, da tari mai naci da ciwon zuciya ga manya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta hayaƙin cikin gida ya kashe mutum wajen miliyan 3 a 2020. Gawayi ma ya fi mugunta, gama ya kan fid da wata iska mai guba, ba wari ba launi, mai barci ya wuce ke nan.

Hazo dai ba mu da ikon hana shi. Abin da na iya yi shi ne na sa a yayyafa ruwa kafin sharar aji, a kuma share allo da jiƙaƙƙen tsumma. Na roƙi yaran su gaya wa iyayensu a fid da kaskon wuta waje kafin a kwanta. Wata yarinya ta dawo ta ce kakarta ta ƙi, wai sanyi ya fi hayaƙi kisa.