Yadda Za Ki Shigo da Gizo Ajin Ƙananan Yara

Ki tuna daren da kika zauna a gefen tabarmar kaka, aka ce "Ga ta nan, ga ta nanku", kuka amsa baki ɗaya, "Ta zo mu ji ta." Ba wanda ya ce ki yi shiru, amma kika yi. Wannan natsuwar ce kike nema a ajinki na 'yan shekara 3 zuwa 5, kuma tatsuniya tana iya kawo miki ita da rana tsaka, ko da yake a dā ana tsoratar da mu cewa mai yin ta da rana ɓata zai yi.

Fara da zaɓen tatsuniya guda ɗaya tak, ki riƙe ta mako guda. Yaro ƙarami kamar mai koyon cin tuwo ne: loma ƙarama ake ba shi, a jira ya haɗiye. Idan taki ta ƙare, akwai littattafan Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, akwai kuma tsofaffin unguwa. Mu ɗauki ta Gizo da hankaki. Hankaki suna zuwa cin ɓaure a wata bishiya da ke tsakiyar kogi. Gizo ya roƙe su, kowa ya ara masa gashi ɗaya har ya iya tashi. Da suka isa sai haɗama ta kama shi, duk ɓauren da aka nufa ya ce nasa ne. Suka fusata, kowa ya zare gashinsa, suka bar shi a can.

Ranar farko ki ba da labarin kawai, da baki, ba da takarda a hannu ba. Ku zauna a ƙasa a kewaye, idonki cikin nasu. Ki ba Gizo tsamin bakinsa, yana ce wa sarki "sayki". Dariyar da za su yi ita ce shaidar sun kama bambancin sauti, kuma kunnen da ya iya rarrabe sauti shi ne zai rarrabe baƙaƙe nan gaba. Kada ki wuce minti 10.

Rana ta biyu ki maimaita, amma ki riƙa tsayawa. "Sai hankaki suka ce masa me?" Ki bar su su cika. Kada ki damu da maimaici. Yaro yana son labarin da ya sani, domin yana jin daɗin hango abin da zai faru kafin ya faru.

Rana ta uku labarin ya sauka daga kunne zuwa jiki, kuma a nan ne ribar take. Ki shimfiɗa zane a ƙasa ya zama kogi, ki ajiye kujera a tsakiya ta zama bishiyar ɓaure. Yaro ɗaya shi ne Gizo, biyar su ne hankaki, kowa da ganyen mangwaro a matsayin gashi. Su zo ɗaya bayan ɗaya su ba Gizo, aji yana ƙirgawa: ɗaya, biyu, har biyar. Idan aka zo wurin fushi, kowa ya karɓe nasa. "Saura nawa a hannun Gizo?" Huɗu. Uku. Daga ƙarshe Gizo ya buɗe tafinsa, ba komai. Kin ga abin da ya faru? Sun yi tarawa, sun yi ɗebewa, sun ga sifiri da idonsu, alhali ba ki taɓa allo ba. Ki sauya 'yan wasan har kowa ya samu, musamman mai kunyar nan da ke laɓewa a baya.

Rana ta huɗu ta hannu ce. Ki kawo yumɓu su mulmula 'ya'yan ɓaure, manya gefe guda, ƙanana gefe guda. Yatsun da suka saba mulmula su ne za su riƙe fensir da kyau. Ki sa ido kada ƙanana su kai baki, a kuma wanke hannu bayan an gama.

Rana ta biyar ki yi tambaya, ki yi haƙurin jiran amsa. "Da kai ne hankaka, za ka sake ba Gizo gashinka?" Ki daure kada ki riga su faɗin cewa kwaɗayi mabuɗin wahala ne. Wata za ta ce a bar shi can, wani zai ce a ɗauko shi don matarsa Ƙoƙi tana jiransa a gida. Duka biyun tunani ne, ki karɓa da fara'a.

Sannan ku rufe tare da "Ƙurunƙus", ki ba su aikin gida guda ɗaya: kowa ya je ya ba kakarsa labarin, ya roƙo wani sabo. Ranar Litinin ke ce za ki zauna ki ce, "Ta zo mu ji ta."