Kujerar da ba a rububinta a jami'a

A kowane sashe na jami'a akwai wani malami da ba a cika jin sunansa a waje ba, wanda ɗalibai ke kira kodineta. Shi ne ke kula da masu karatun digiri na biyu da na uku: a hannunsa takardun masu neman gurbi suke bi, shi ke tsara ranar da ɗalibi zai gabatar da batun bincikensa, da shi ake shawara a kan malamin da zai duba kundi, kuma shi ke bin sawun takardu zuwa makarantar karatun gaba da digirin farko har a gayyato mai jarrabawa daga wata jami'ar. Ɗan Sabon Birni ko Isa da ya je Jami'ar Usmanu Danfodiyo neman ƙarin ilimi, gaban wannan mutum zai fara tsayawa tun kafin ya ga shugaban sashe. Ra'ayina shi ne irin karatun da wannan malami ya yi, da wurin da ya yi shi, suna da hannu dumu-dumu a abin da za a sani da abin da za a manta game da ƙasar Gobir.

Hujjar tana cikin tarihin binciken kansa. Lokacin da Abdullahi Smith ya kafa sashen tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962, ya tsaya a kan cewa ba a rubuta tarihin ƙasar Hausa daga rahoton Turawan mulki kaɗai, dole ɗalibi ya karanta rubutun Larabci na malaman ƙasar, ya kuma zauna gaban dattawa. Murray Last, wanda ya kammala digirinsa na uku a Ibadan a 1964, zama ya yi a Sakkwato yana ɗaukar karatu wurin Waziri Junaidu. Daga wannan turba aka sami kundin Yusufu Bala Usman a kan Katsina, da na Garba Nadama a kan Zamfara a 1977, shi da ya zama gwamnan Jihar Sakkwato daga baya, da kuma na Abdullahi Rafi Augi a 1984 a kan rawar da Gobir ta taka a kwarin Rima har zuwa 1808, shekarar da Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi. Waɗannan batutuwa ba daga sama suka faɗo ba. Wani malami ne ya ga giɓi, ya tura ɗalibi, ya san kuma abin da zai tambaye shi in ya dawo.

Gobir ta fi yawancin wurare bukatar irin wannan jagora, domin iyaka ta raba ta biyu. Kufan Alƙalawa yana ƙaramar hukumar Sabon Birni, amma Tsibiri, inda Gobirawa suka sake kafa sarauta bayan yaƙin Gawakuke na 1836, tana kusa da Maraɗi a Nijar. Wanda zai yi bincike a kan sarauta, ko fataucin dabbobi, ko noman fadamar Rima da Bunsuru, ko cututtukan da ke bin masu ƙetare iyaka, rabin takardunsa da Faransanci suke, wasu da Larabci ko ajami. Kodinetan da bai taɓa fita daga ɗakin karatu ba zai karɓi kundin da ya tsaya cak a bakin iyaka, bai ma lura an bar rabin labarin a ƙetare ba. Wanda ya san hanya kuwa zai ce wa ɗalibi ya nemi malami a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi ko ta Abdou Moumouni a Yamai.

Za a ce ai wannan aikin ofis ne, cike fom da tsara jadawali, ilimin yana wurin mai duba kundi. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, shi ya sa ma a wurare da yawa ake jibga wa ƙaramin malamin da bai daɗe da gama nasa digirin ba, manya su kama gabansu. Sai dai wanda ke haɗa ɗalibi da mai duba masa kundi shi ya riga ya yanke rabin hukuncin, kuma ƙaramin malami ba ya iya ƙwanƙwasa ƙofar farfesan da ya danne babin ɗalibi wata shida a aljihun tebur. Za a kuma ce to a ba ɗan yankin mana. Wannan ma ban yarda ba. Smith da Last ba Gobirawa ba ne, ba ma Hausawa ba, kuma zama ɗan gida yakan zo da nasa nauyin, musamman inda tarihin jihadi da na sarauta ke taɓa zuciyar dangi har yau.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne na tsaro. Wa zai tura ɗan mutane hanyar Isa zuwa Sabon Birni, inda aka ƙona matafiya cikin mota a Disambar 2021, yankin da 'yan bindiga suka kama Sarkin Gobir na Gatawa ya rasu a hannunsu a Agustan 2024? Babu mai hankalin da zai yi wasa da wannan. Amma a nan ɗin ne gogewa take da rana. Malamin da ya taɓa aikin fili ya san ana iya tattara bayani daga masu gudun hijira a Sakkwato da Gidan Rumji, ya san wanda za a sakaya sunansa, ya san lokacin da zai ce wa ɗalibi kada ka je. Murtala Ahmed Rufa'i na sashen tarihi a Danfodiyo ya nuna abin yana yiwuwa da laccarsa ta 2021 a kan 'yan bindigar Zamfara, wadda ya gina bisa hira da mutanen da abin ya shafa. In aka bar kujerar ga mai gudun wahala, sai ɗalibai su koma raba takardar tambayoyi a cikin birni, labarin Gobir kuma ya zama sai abin da aka ji a rediyo.

Don haka kirana ga majalisun jami'o'inmu shi ne su riƙa duba abin da malami ya rubuta da yawan ɗaliban da ya yaye kafin su miƙa masa wannan aiki, su rage masa darussa, su kuma wallafa sunansa da fanninsa inda kowa zai gani. Kai kuma mai shirin sayen fom daga Isa ko Sabon Birni, kafin ka biya ko sisi, ka tambayi wa ke riƙe da sashen, me ya karanta, kuma ɗalibai nawa suka gama a hannunsa.